Komit, zango da mukabala: da wane harshe za mu yi wa Baffa bayanin Git?

Tun da yaƙi ya tashi a Sudan a ranar 15 ga Afrilun 2023, ɗan yayata da ke karatun kwamfuta a Khartoum ya tattaro ya dawo mana Gadarif, da jaka ɗaya da kwamfutarsa ta hannu. Zaman banza bai karɓe shi ba, sai shi da abokansa biyu suka kama rubuta wata 'yar manhaja saboda wani dillali a kasuwar amfanin gona, wadda za ta riƙa lissafa buhunan riɗi da dawa, wa ya kawo, wa ya ɗauka, nawa aka biya, nawa ya saura. A zauren gidanmu suke zama bayan la'asar, inda Baffa yake shimfiɗa buzunsa. Wata rana ɗayansu ya ɗago kai ya ce wa ɗan'uwansa: "Ka yi ful kafin ka yi fush, in ba haka ba damajin zai ba ka ta'arud." Baffa ya ajiye carbi ya ce shi ful ɗin da ya sani da safe ake cinsa da man riɗi, fushi kuwa bai ga abin yinsa ba tsakanin 'yan'uwa. Aka yi dariya. Amma da ya nemi a gaya masa da Hausa abin da ake ja da abin da ake turawa, sai yaran nan uku suka yi tsuru-tsuru. Aikin sun iya shi, bakin faɗarsa ne babu.

Jimlar da yaron ya yi harsuna uku ne a cikinta. Ful da fush, wato ja da turawa, Turanci ne da bakinmu ya tanƙwara, damaj da ta'arud, wato haɗewa da karo, Larabci ne na aji da na littafi, Hausa kuma ita ce igiyar da ta ɗaure su. Haka Bahaushen Sudan yake magana a kan komai, ba a kan kwamfuta kaɗai ba, kuma ban ga aibunsa ba. Damuwata a wani wuri take. Kalmomin nan na Git ne, manhajar da masu rubuta manhaja suke adana tarihin aikinsu da ita, kuma kalmomin wannan fanni, ko a Turancin, da yawansu ba sa faɗin abin da suke aikatawa. Balarabe ya fassara su kalma da kalma, ya kwaso ruɗun ya zuba a harshensa. In mu ma muka bi sahu, ruɗu uku za mu gada. A ganina kalmar Hausa aikin ya kamata ta bi, kuma mafi yawan kalmomin da muke nema suna nan a bakin irin su Baffa, mutanen da suka yi shekaru suna juyar littafi da alƙalami da tawada.

Matsalar da aka ƙirƙiro kayan aikin nan dominta kowa ya san ta. Fayil ne mai suna "lissafi", sai "lissafi sabo", sai "lissafi na ƙarshe", sai "na ƙarshe na gaske", ranar da aka tashi nema kuma ba wanda ya san wanne ne daidai. To a ce mutum ɗari ne suke rubutu a kan fayil dubu. Tambaya uku ce kullum: me aka canza, wa ya canza shi, kuma ta yaya za a koma yadda ake jiya.

An daɗe ana fama da ita. A 1972 Marc Rochkind ya rubuta SCCS a ɗakunan bincike na Bell a Amurka. Bayan shekara goma, a 1982, Walter Tichy na jami'ar Purdue ya fitar da RCS. A waɗannan tsare-tsare fayil kamar littafin ɗakin karatu yake: ka are shi, a kulle shi da sunanka, ba mai taɓawa sai ka mayar. Daga nan kalmomin cekawut da cekin suka samo asali, wato aro da mayarwa, kuma a lokacin sun dace da aikinsu. Sai Dick Grune a Amsterdam ya kawo CVS a 1986, wanda ya bar mutane da yawa su taɓa fayil ɗaya a lokaci ɗaya, kulle ya tafi amma kalmar aro ta zauna. Subversion ya biyo baya a 2000, a wurinsa cekawut na nufin ɗauko kwafin aiki daga babbar kwamfuta. Da Git ya zo a 2005, sai kalmar ta koma nufin sauya reshen da kake kai, kuma ita ce dai ake bugawa in ana so a shafe gyaran da aka yi wa fayil a mayar da shi yadda yake. Aiki biyu, ɗaya ba ya cutar da kowa, ɗaya yana iya cinye wahalar yini guda, duk a ƙarƙashin kalma ɗaya da ta baro ma'anarta tun zamanin kaka. Su kansu masu kula da Git sun ga haka, shi ya sa a fitowa ta 2.23, a watan Agustan 2019, suka raba aikin gida biyu da sabbin umarni, git switch na sauya reshe da git restore na mayar da fayil. Wanda ya tashi fassara cekawut da ƙamus a hannu, wanne daga cikin ma'anonin nan huɗu zai kama?

Haka rivat. A Subversion watsar da gyaran da ba a riga an adana ba ne. A Git sabon rubutu ne da ke warware wani tsoho, tsohon kuma yana nan a tarihi ba a goge shi ba. Ful ma haka: a Mercurial, wani tsari mai irin wannan aiki wanda aka haifa wata ɗaya da Git, ɗauko sabon abu ne kawai a ajiye gefe, a Git kuwa ɗaukowa ne da haɗawa a bugu ɗaya. Kowane zamani ya gaji kalmomin na gabansa ya zuba musu sabon ruwa.

Shi Git ɗin haushi ne ya haife shi. Daga 2002 masu rubuta zuciyar Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfutoci masu yawa, suna amfani da BitKeeper, manhajar wani kamfani da ya yarje musu kyauta. A 2005 aka samu saɓani, aka janye yarjewar. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya zauna a farkon Afrilu ya rubuta nasa, a ranar 7 ga watan har Git ya fara adana tarihin kansa, a watan Yuli kuma ya miƙa ragamarsa ga Junio Hamano, wanda ya ci gaba da riƙonsa tun daga lokacin. Sunan ma zagi ne a bakin mutanen Ingila, wani abu kamar "ɗan banza", kuma Torvalds ya yi barkwancin cewa sunan kansa ya sa masa. Wanda ya raɗa wa aikinsa irin wannan suna ba ka sa ran ya tsaya tace kalmomi. Shi ya sa wurin da ake tara gyara kafin a adana yake da suna uku a cikin Git ɗin kansa, kowanne daga wani lungu.

Bari mu fara da gidan da komai yake ciki, abin da yaran suke kira rifo. Larabci ya ce mustauda'i, wato sito. Na ji wasu suna cewa rumbu, kalmar tana da daɗi, musamman a garin dawa irin namu, amma rumbu in an ɗiba raguwa yake yi, kuma ba ya tuna hatsin bara. Kalmar da ta fi kwanta mini ita ce kundi. Kundin malam tarin takardu ne da ake ƙara wa shekara da shekaru, tsohon rubutu yana nan, sabo yana hawa kansa, almajiri kuma yana iya zama ya juye shi tas ya tafi da nasa ba tare da na malam ya ragu da ko warƙa ɗaya ba. Juyin nan shi ne kulon, wanda Larabawa suka kira istinsahi, kuma a nan sun dace, domin daga nusha, wato kwafin littafi, kalmar ta fito. Abin da ya raba Git da Subversion yana cikin wannan juyi. A Subversion tarihi yana babbar kwamfuta can nesa, kai shafin yau kawai kake riƙe da shi. A Git duk wanda ya juya ya kwashi kundin ne gaba ɗaya, tun daga rubutun farko. Kundin da ke GitHub, shafin intanet da ake ajiye kundaye a kansa, bai fi naka asali ba, yarjejeniya ce kawai aka yi a riƙa haɗuwa a can. Sunan origin da Git yake ba wa wurin da ka juyo, wanda ke sa mutum ya zaci can ne tushe, laƙabi ne da kana iya canzawa yau.

A wata ƙasa wannan bayani na aji ne. A nan mun gan shi da ido. A Fabrairun 2024 shabaka ta ɗauke a kusan duk Sudan, ba kira ba intanet, kuɗin da ke waya ma suka maƙale. Yaran ba su daina aiki ba. Kowa yana da cikakken kundi a kwamfutarsa, yana adanawa, yana duba tarihi, yana buɗe reshe. In za su yi musaya sai ɗaya ya ɗaure sabon aikinsa a fayil guda da umarnin git bundle, ya sa a filashi, ya miƙa wa na kusa da shi a kan tabarma ɗaya. Da a ce tsarin babbar kwamfuta ɗaya suke bi, da sai dai su naɗe hannu su jira.

Sai komit, uwar kalmomin duka, kuma wadda ta fi wuyar kamu. Larabci ya ce ida'i, irin ajiyar da ake kai wa banki. Kalmar ta dace da Subversion, inda komit yake nufin aika aikinka zuwa babbar kwamfuta. A Git ba inda ake aikawa. Komit a kwamfutarka yake faruwa, ba wanda ya sani sai ka yi fush, wato ka tura shi zuwa kundin da ake haɗuwa a kansa. Na ga ɗalibai da yawa sun yi komit sun rufe kwamfuta da murna, suna zaton aiki ya isa hannun malami, saboda kalmar ajiya ta gaya musu haka.

Me ke cikin komit ɗin? Hoton yadda duk fayilolin suke a wannan lokaci, ba jerin canje-canje ba kamar yadda mutane suke zato. Sai sunan wanda ya rubuta da lokacin, sai sunan wanda ya shigar da lokacinsa shi ma, domin suna iya bambanta, sai 'yar wasiƙa mai bayyana dalili, sai kuma lambar komit ɗin da ya gabace shi. Da na lissafa wa Baffa waɗannan, bai bari na ƙarasa ba. Ya ce ai wannan shi ne abin da mai juyi yake rubutawa a ƙarshen littafi: an gama da godiyar Allah, da hannun wane ɗan wane, ranar kaza ga watan kaza, an juyo daga nushar malam wane. Gaskiyarsa. Bambanci ɗaya ne, mai juyi sau ɗaya yake rubuta wannan a ƙarshe, mai manhaja kuwa yana yi sau goma a yini.

Na gwada ƙulli, domin tarihin Git ya yi kama da igiya mai ƙulle-ƙulle, kowanne yana riƙe da na bayansa. Amma ƙulli a kunnen Bahaushe yana da warin makirci. Kalmar da na zauna a kai ita ce zango. Kakanninmu da zango suka iso ƙasar nan, wasu a hanyar aikin hajji, wasu a ayarin da ya biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, ayarin da ya kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar. Ayari ya yi tafiya, ya ya da zango, an ƙidaya mutane da kaya, an san daga wane zango aka taso. In hanya ta ɓaci a gaba, an san inda za a koma. "Na ya da zango" ya fi "na yi ajiya" faɗin gaskiyar aikin, domin ya nuna tafiya ba ta ƙare ba kuma ba a miƙa wa kowa komai ba. Jerin zanguna shi ne abin da git log yake nunawa. Kalmar HEAD kuma, da ake rubutawa da manyan baƙaƙe tana tsorata masu koyo, ba komai ba ce illa inda madugu yake tsaye yanzu. Na san yaran za su ci gaba da cewa komit, kuma su za su yi nasara, kamar yadda mota da rediyo suka yi. Ba na neman a kori kalmar. Ina neman ranar da aka fara koya wa yaro, a sa masa hoton zango a ka kafin a sa masa kalmar a baki.

Lambar da na ambata tana buƙatar tsayawa. Kowane zango yana da suna mai harafi 40, cakuɗen lambobi da baƙaƙe, wanda ake samowa ta wani lissafi mai suna SHA-1 daga abin da ke cikin zangon kansa. Canza ɗigo ɗaya, sunan ya canza baki ɗaya. Tun da kowane zango yana ɗauke da sunan na bayansa a cikinsa, wanda ya taɓa wani tsohon rubutu ya canza sunan duk zangunan da suka biyo, kuma duk mai riƙe da juyi zai gane. Larabawa suna ce wa lambar basma, zanen yatsa, kuma ya yi. Lissafin kansa ya tsufa: a 2017 masu bincike na Google da cibiyar CWI ta Amsterdam suka nuna fayil biyu mabambanta masu zanen yatsa ɗaya, abin da ya sa Git ya ƙara kariya ya kuma buɗe hanyar komawa SHA-256.

Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi zai ce wannan ai isnadi ne, wane daga wane daga wane. Kamar ta yi kama, amma akwai inda suka rabu, kuma wurin yana da muhimmanci. Sarƙar Git matani take tsarewa, ba ta san halin mai ruwaya ba. Sunan marubuci da ke jikin zango shi mutum yake rubuta wa kansa a saitin kwamfutarsa, yana iya sa sunan kowa, sai fa in an bi ta hanyar sa hannu na sirri, wanda ba kowa yake yi ba. Malaman hadisi ba su tsaya ga jera sunaye ba, sun kafa ilmi guda a kan mazajen: wane mai gaskiya ne, wane mai mantuwa ne, wane bai taɓa haɗuwa da wanda yake cewa ya ji daga gare shi ba. Duniyar manhaja ta ɗanɗana rashin wannan a watan Maris na 2024, lokacin da wani injiniya mai suna Andres Freund ya gano ƙofar ɓoye da aka dasa a xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kwamfutoci marasa adadi. Wanda ya dasa ta ya shafe wajen shekara biyu yana aika gyare-gyare masu kyau har aka amince masa aka ba shi mabuɗi. Sunansa yana nan a jere a kundin, sai dai ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa. Mutanen Linux suna da wani abu mai kama da ijaza tun 2004, layin da kowa yake sa wa a ƙarshen gyara yana shaida cewa yana da haƙƙin miƙa shi, kuma gyara yakan iso da layuka da yawa, na marubuci da na waɗanda ya bi ta hannunsu. Wannan ma shaida ce ta baki, amana ce ke riƙe da ita.

Reshe kuwa, wanda yaran suke kira baransh, Larabci far'i, kalma ce da duk harsunan uku suka yarda da ita kuma duk suka yi kuskure tare. Reshen bishiya in ya fita ya fita, ba ya komawa jikin uwa. Reshen Git domin ya dawo ake buɗe shi. Mu da muke zaune a ƙasar Nilu muna da hoto mafi kyau: ruwa ya rabu, kowanne ya bi hanyarsa, su sake gamuwa. Wanda ya taɓa tsayawa a Mugran, mahaɗar kogunan biyu a Khartoum, lokacin damina ya ga Shuɗin Nilu ya sauko daga Habasha da laka, Farin Nilu ya taho daga kudu, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kowa da launinsa kafin su gauraye. Zangon haɗewa haka yake, shi ne mai iyaye biyu, kuma har abada ana iya bin kowane ruwa a koma mafarinsa. Saboda haka damaj ko maj, ni mahaɗa nake ce masa. A cikin kwamfutar kuma reshe bai kai ko haka girma ba. Ɗan fayil ne da ke riƙe da harafi 40 na zangon ƙarshe, kamar tsinken da almajiri yake sa wa a littafi don ya san inda ya tsaya. Shi ya sa buɗe reshe a Git ba ya cin komai, wanda kuma ya zaci ana kwafe dukkan fayiloli ne sai ya riƙa jin tsoron buɗewa.

Yadda ake haɗawar shi ne wurin da Baffa ya fi jin daɗi. Git ba ya kwatanta nusha biyu kawai. Yana neman zangon da suka rabu, kakansu, ya auna kowanne da shi. In layi ya canza a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma yana nan yadda kaka ya bar shi, an san wanda ya yi gyara, sai a ɗauka. In duka biyun sun taɓa layi ɗaya kowa da irin nasa, sai Git ya tsaya, ya rubuta duka biyun a fayil tsakanin wasu alamomi, ya ce ɗan Adam ya zo ya raba gardama. Baffa ya ce wannan mukabala ce. In an gama juyi, mutum biyu suke zama, ɗaya yana karanta asali ɗaya yana bin sabon, inda suka tsaya a rubuta "balaga" a gefe, inda aka gyara a sa "sahha", inda wata nusha ta zo da lafazi daban a rubuta shi a hashiya da alamarsa, ba a jefar ba. Kalmar Turancin da ake kiran wannan tsayawa da ita tana nufin rikici, har da yaƙi, kuma mu a yanzu ba ma buƙatar ƙarin wannan a allon kwamfuta. Ta'arud ta fi ta hankali, domin malamai sun san abin da ake yi in nassi biyu suka yi karo: a nemi jama'u a haɗa su in zai yiwu, in ba zai yiwu ba a yi tarjihi a rinjayar da ɗaya. Hanyoyin nan biyu su ne dai a gaban mai manhaja. Da Hausa saɓani ya isa. Kuma a lura, Git layuka yake gani, ba ya ganin ma'ana. Ɗaya daga cikin yaran ya mayar da lissafi daga buhu zuwa kilo a wani fayil, ɗayan ya rubuta sabon shafin rasit a wani fayil yana zaton buhu ne. Mahaɗa ta tafi lami lafiya ba saɓani ko ɗaya, rasit kuma ya fito da kuɗin da zai sayi rabin kasuwa.

Wasu kalmomin ba su cancanci dogon zance ba. Tag alama ce da ake kafa wa zango don a ce wannan ne muka fitar wa jama'a. Sitash tura aiki ne ƙarƙashin tabarma kafin baƙo ya tafi. Ceri-fik tsince ne, ka ɗauko gyara ɗaya daga wani reshe ka bar saura, ba ruwanmu da 'ya'yan itacen da ba ya fitowa a ƙasarmu. Umarnin git blame, mai nuna wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe, sunansa na nufin zargi, alhali Subversion yana karɓar umarnin nan da sunan yabo ma, aiki ɗaya. "Wa ya rubuta" ya wadatar, tun da sau da yawa wanda sunansa ya fito gyaran tazara kawai ya yi.

Fok da ful rikwes suna da labari daban, domin ba na Git ba ne, na kasuwar da aka gina a kansa ne. Kafin GitHub ya buɗe a 2008, fok kalma ce mai nauyi, tana nufin jama'a ta dare gida biyu, irin yadda daga baya manhajar ofis ta LibreOffice ta fita daga OpenOffice a 2010. GitHub ya mayar da ita maɓalli da ake dannawa don a juyi kundin wani a gyara masa harafi ɗaya. Ɓallewa da juyi sun zama kalma ɗaya, mu kuwa muna da biyu, sai mu yi amfani da su. Ful rikwes kuma Larabci ya ce talab sahab, wanda a kunnen ɗan Sudan takardar cire kuɗi ce. Ma'anar ita ce "ga aikina, ina roƙo ka jawo shi cikin naka", al'adar da ta fito daga masu Linux da har yau suke aika gyara ta imel. GitLab, wani shafi irin GitHub, ya kira shi roƙon haɗewa, kuma ya fi gaskiya. In aka dubi abin da ke faruwa a ciki, almajiri ne ya kawo allo, malam ya duba, ya ce gyara nan, wanke can, sannan ya ce ya yi. Kai allo ke nan. Ba laifi a tuna cewa GitHub kamfani ne, Microsoft ta saye shi a 2018 a kan dala biliyan 7.5, kuma dokar Amurka yake bi. Mu da muka zauna ƙarƙashin takunkumin Amurka daga 1997 zuwa 2017 mun san yadda shafi yake rufe ƙofa saboda sunan ƙasarka kawai. Yaron da bai bambance Git da GitHub ba zai zaci in an rufe masa ɗaya ya rasa duka.

A 2020 aka yi muhawara mai zafi kan sunan babban reshe, wanda tun farko ake kira master. Wasu suka ce kalmar ubangida ce mai tuna bauta, wasu suka ce asalin faifai ake nufi wanda ake buga saura daga gare shi. Git 2.28 ya ba kowa damar zaɓar sunan da yake so a watan Yuli, GitHub kuma ya koma main a watan Oktoba. Ba zan raina maganar ba, a ƙasar da kalmar bawa har yau take yanka kamar wuƙa. Sai dai masu juyin littafi sun riga kowa hutawa, su uwa suke ce wa nushar da ake juya daga gare ta. Uwar kundi, ko uwa kawai. "Ka mayar da shi uwa" ba ya buƙatar sharhi.

Wadda ta gagare ni ita ce ribes. Aikinta shi ne a ɗauki zangunanka a sake kafa su a kan wani sabon tushe, kamar a ce yau ka taso ba makon jiya ba. Tarihi yakan fito a miƙe, mai daɗin karatu, amma zangunan sababbi ne masu sababbin lambobi, tsofaffin an bar su a daji. In kai kaɗai ne a reshen ba matsala, ko ka yi kuskure Git yana riƙe da sawunka na wasu makonni a wani littafin ɓoye da ake kira riflog. In kuwa wasu sun riga sun juya daga gare ka, ka sake tarihi ka tura da ƙarfi, ka yanke musu igiya. Na ce dashe, tun da cire shuka ne daga wani wuri a kafa a wani, yaran suka ce ya yi. Baffa bai yarda ba. Ya tambaya: "Wato yaro ya ji daga wane, sai ya goge ya rubuta cewa daga wani ya ji?" Ɗan yayata ya ce, "Baffa, ba haka ba ne, maganar ba ta canza ba, jerin kawai aka gyara don ya yi kyau." Baffa ya ce su ma masu tadlisi, masu ɓoye ainihin wanda suka ji hadisi daga gare shi, haka suke faɗa. Aka kira magariba, ya miƙe ya ɗauki buta, yaran kuma suka bar reshen yadda yake ba su dasa ba a ranar.